Nauyin ƙwayar gero: Iyakar da bai kamata ɗakunan gwajin magani su tsallaka ba

Duk wanda ya saba da kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano ya san cewa kowane kaya da irin ma'auninsa. Mai sayen tiya biyu ta gero da kwano ake auna masa, mai buhu a ɗora masa a sikelin buhu, tirela kuwa sai an kai ta babban sikelin da mota ke hawa. Babu dillalin da zai yarda a auna masa buhu ɗaya na riɗi a sikelin tirela. Ya san sikelin da ke tafiya kilo 20-20 zai iya ƙara masa kilo 10 ko ya cinye masa kilo 10 ba tare da kowa ya yi ha'inci ba. A kan tirela mai tan 30, kilo 10 ba abin magana ba ne. A kan buhu mai kilo 50 kuwa, kashi ɗaya cikin biyar na kayan ne.

Wannan hankali na 'yan kasuwa shi ne tushen wata ƙa'ida da ake aiki da ita a ɗakunan gwajin magani da abinci, wadda ake kira mafi ƙarancin nauyi. Ma'anarta ita ce kowane sikeli, komai tsadarsa, yana da wata iyaka ta ƙasa. Idan abin da aka ɗora bai kai wannan iyaka ba, sikelin zai nuna lamba, amma ba lambar da za a gina hukunci a kanta ba ce. Ya kamata a wajabta wa kowane ɗakin gwaji da ke ƙarƙashin sa idon hukuma a Najeriya ya gano wannan iyaka a kan kowane sikelinsa, ya rubuta ta inda kowa zai gani, kuma mai bincike ya riƙa tambayar ta kafin ya tambayi komai.

Inda sikeli yake a cikin lissafin magani

Yawancin mutane suna ɗauka cewa injin gwaji na zamani da kansa yake faɗin adadin sinadarin da ke cikin ƙwayar magani. Ba haka ba ne. Aikin injin kwatance ne kawai. Mai gwaji yana auna ɗan garin sinadari tsantsa wanda aka tabbatar da ingancinsa, wato sinadarin kwatance, ya narkar da shi a ruwa ko wani abin narkarwa. Sannan ya daka ƙwayoyin maganin da ake tuhuma, ya auna, ya narkar. Injin ya duba biyun, ya ce wannan ya kai kashi kaza na wancan. Idan awon farko ya karkace, duk sakamakon da ya biyo baya ya karkace tare da shi, kuma injin ba shi da hanyar sanin haka.

Adadin da ake aunawa ƙanƙane ne ƙwarai. Miligiram 1,000 ne ke yin giram ɗaya. Ƙwayar gero ɗaya tana kai wajen miligiram 8 zuwa 10, kuma sau da yawa kusan nauyinta ake so a auna na sinadarin kwatance. Akwai magungunan da sinadarin cikinsu bai kai ko kusa da haka ba. Ƙwayar misoprostol da ake amfani da ita wajen tsayar da zubar jini bayan haihuwa tana ɗauke da miligiram 0.2 ne kacal. Ƙwayar digoxin ta masu ciwon zuciya ta saba zuwa da miligiram 0.25. A irin waɗannan magunguna, ragi ko ƙari kaɗan yana iya bayyana a jikin mara lafiya.

A ɗauki misali. Ga sikeli mai nuna lamba huɗu bayan ɗigo, wanda mafi ƙanƙantar takinsa miligiram 0.1 ne. Mai gwaji ya zuba gari, allo ya nuna miligiram 10.0, alhali abin da ke cikin mazubin 9.8 ne. Bambancin miligiram 0.2 abu ne da irin wannan sikeli zai iya yi a rana ta yau da kullum. Amma a kan miligiram 10, kuskuren kashi 2 cikin 100 ke nan. Idan ƙa'ida ta ce maganin ya kasance tsakanin kashi 95 da 105 na abin da aka rubuta a kwalinsa, maganin da a gaskiya yake kashi 93.5 zai fito a takarda da kusan 95.4, ya tsallake. Idan kuskuren ya juya, wato 10.2 ne a mazubin, magani mai kyau da ke kashi 96.5 zai fito 94.6, a yi watsi da shi. A karo na farko an cuci mara lafiya, a karo na biyu an cuci kamfani, kuma a duka biyun takardun suna nan tsaf da sa hannu.

Da a ce miligiram 200 aka auna a kan sikelin nan, wannan kuskure na miligiram 0.2 zai zama ɗaya cikin 1,000, wanda ba zai canza hukunci ba. Sikelin bai canza ba, mai awon bai canza ba. Yawan abin da aka ɗora ne kawai ya canza.

Abin da ƙa'ida ta tanada

Kundin ƙa'idojin magunguna na Amurka, wanda aka fi sani da USP, ya keɓe babi na 41 ga sikeli, kuma tun gyaran da ya fara aiki a watan Disambar 2013 hanyar lissafin ta fito fili. Za a ɗauki dutsen awo ɗaya, a ɗora a sauke aƙalla sau 10, ana rubuta abin da allo ya nuna. Lambobin ba za su zo daidai da juna ba. Daga wannan saɓani ake fitar da adadin da masana ƙididdiga ke amfani da shi wajen nuna yadda sakamako ya warwatsu, wanda za a iya kira tazarar saɓani. Ƙa'idar ta ce idan aka ninka wannan tazara sau 2, kada ta wuce kashi 0.10 cikin 100 na abin da za a auna. A taƙaice, a ninka tazarar sau 2,000, abin da ya fito shi ne mafi ƙarancin nauyi. Sikelin da tazararsa ta kai miligiram 0.1, iyakarsa miligiram 200 ce.

Akwai kuma wani shinge na biyu. Ko da sikeli ya nuna lamba ɗaya sak har sau 10, ba a yarda a ce ba shi da saɓani ba. Dalili shi ne allon yana datse lamba a takinsa na ƙarshe, kuma sau biyu ake karanta shi a kowane awo, da mazubi babu komai da kuma bayan an zuba kaya. Saboda haka aka ƙayyade cewa tazarar ba za ta gaza 0.41 na taki ɗaya ba. Idan aka ninka wannan sau 2,000, ana samun taki 820. Ke nan sikeli mai takin miligiram 0.1 ba zai taɓa samun iyakar da ta gaza miligiram 82 ba, ko yau aka ciro shi daga kwali. Mai takin miligiram 0.01 iyakarsa mafi kyau 8.2 ce, mai takin 0.001 kuma 0.82. Wanda ya auna miligiram 10 a sikeli mai lamba huɗu ya saɓa wa ƙa'ida tun kafin ya buɗe kwalbar.

Kundin ƙa'idojin Turai ma ya kawo nasa babin a kan sikeli, mai lamba 2.1.7, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2022 da kusan irin wannan lissafi. Da yake da waɗannan kundaye da na Birtaniya ake auna ingancin yawancin magungunan da ke shaguna a Najeriya, duk ɗakin gwajin da ya rubuta a takardar sakamakonsa cewa ya bi ɗaya daga cikinsu ya ɗaura wa kansa wannan sharaɗi.

Ramukan da ake faɗawa

Rami na farko shi ne dogaro da lambar da kamfanin sikeli ya buga a littafinsa. Waccan lamba an same ta ne a ɗaki mai natsuwa, a kan teburin dutse, babu iska, babu girgiza. Sikelin da ke Kaduna ko Kano yana zaune ne a wani yanayi daban. Janareta na kaɗawa a bayan gini, ƙasa na ɗan rawa. Na'urar sanyaya ɗaki na busa iska kai tsaye. A lokacin hunturu iska na bushewa, lantarki ya taru a jikin roba da gilashi, irin wanda kan sa mutum ya ji tartsatsi idan ya taɓa ƙofar mota, sai gari ya riƙa mannewa a gefen mazubi, lambobi su ƙi tsayawa. Da damina kuma wasu sinadarai kan zuƙi laima suna kan sikeli, nauyinsu na ƙaruwa ana kallo. Idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sikeli mai laushi yana buƙatar lokaci kafin ya daidaita. Duk waɗannan suna faɗaɗa tazarar saɓani, iyakar kuma ta hau. Don haka a wurin da sikeli yake aiki ake gano iyakarsa, da hannun masu aiki da shi.

Rami na biyu shi ne lissafa nauyin mazubi. Wani zai ce ai kwalbar da ya ɗora ta kai giram 30, saboda haka ya wuce iyaka nesa ba kusa ba. Ƙa'ida ba ta san da wannan ba. Garin da aka zuba shi kaɗai ake lissafawa. Miligiram 5 a cikin kwalba mai nauyi yana nan a miligiram 5, kamar yadda kwanon awo ba ya shiga kuɗin gero.

Rami na uku shi ne 'yar takardar da masu saita sikeli kan manna a jikinsa bayan sun kammala aikinsu. Takardar tana da amfani, domin tana nuna cewa an gwada sikelin da duwatsun awo masu asali. Amma sikeli zai iya nuna giram 100 daidai wa daida, ya kuma kasa riƙe amanar miligiram 10. A manyan nauyi, abin da ake tsoro shi ne karkacewar saiti. A ƙananan nauyi kuwa, rashin maimaita lamba ɗaya ne ke cin kusan dukkan kuskuren. Takardar da ba ta faɗi iyakar ƙasa ba ta bar rabin labari.

Rami na huɗu shi ne zama a kan iyakar kanta. Idan gwajin yau ya nuna miligiram 30, ba hikima ba ce a tsara aiki a kan miligiram 30 cif, domin gobe wani ne zai yi awon, ko yanayi ya canza. Shi ya sa ƙwararru ke ba da shawarar a bar rata, galibi a ninka iyakar sau 2, a ce kada kowa ya auna ƙasa da miligiram 60. Idan wata shida suka wuce aka sake gwaji aka ga iyakar ta hau zuwa 40, duk awon da aka yi a tsakani yana nan da ingancinsa. Wanda bai bar rata ba kuwa sai ya koma ya tuhumi aikin wata shida.

Hujjar masu cewa da tsada

Masu ɗakunan gwaji suna da uzurin da ya cancanci a saurara. Sinadarin kwatance a 'yan ƙananan kwalabe yake zuwa, da dala ko yuro ake sayen sa, kuma tun da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023 kuɗinsa ya ƙara nauyi. Manajan da ya ce a riƙa ɗibar miligiram 10 maimakon 100 yana neman kwalba ɗaya ta yi masa gwaji 10 ne. Sikeli mai lamba biyar ko shida ma ba kayan araha ba ne.

Sai dai akwai hanyoyin tsimi da ba su taɓa gaskiyar awo. Ana iya auna adadin da ya haura iyaka sau ɗaya, a narkar, a riƙa sirkawa ana ɗiba gwargwadon kwanakin da aka tabbatar ruwan ba ya lalacewa. Ana iya ɗaukar sinadari mai kyau daga wanda ake haɗa magani da shi, a gwada shi da na asali, a mayar da shi na aikin yau da kullum, hanyar da ƙa'idojin harhaɗa magunguna suka amince da ita. Kamfanin da aikinsa ya dogara da awon miligiram 10 kuwa, sikeli mai lamba biyar yana cikin jarin da dole ya zuba, kamar injin buga ƙwaya. Kuɗinsa bai kai asarar kwaso kaya daga kasuwa sau ɗaya ba. Araha dai ba ta ado.

Wasu kuma na cewa ɗaya cikin 1,000 ya yi tsauri, tunda an bai wa magani ratar kashi 5 sama da ƙasa. Amsar ita ce awo matakin farko ne cikin matakai da yawa. Kwalbar awon ruwa tana da nata kuskuren, bututun ɗiba yana da nasa, injin yana da nasa, hannun mutum ma haka. Idan sikeli shi kaɗai ya cinye kashi 2, me ya rage wa sauran? An tsaurara a kan sikeli ne domin shi ne matakin da ya fi sauƙin tsarewa.

Gaskiya ne kuma ba kowane awo ne ke buƙatar wannan tsanani ba. Ƙa'idar ta shafi awon da za a gina lissafin adadi a kansa ne. Mai haɗa ruwan wanke kwalabe ba ya buƙatar ta. Ɗakin gwajin ƙasar noma ko na koyar da ɗalibai zai iya yanke wa kansa cewa kashi 1 cikin 100 ya ishe shi, sai ya ninka tazarar sau 200 maimakon 2,000. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne mutum ya rasa sanin iyakar da yake aiki da ita.

Me ke kan faranti?

Najeriya ta san farashin rashin gwaji. Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009, yara 84 suka rasu bayan shan maganin haƙori na My Pikin wanda gubar diethylene glycol ta gurɓata. A 2022 irin wannan guba a magungunan tari da aka shigo da su ta yi sanadin mutuwar yara kusan 70 a Gambiya. Ba sikeli ne ya jawo waɗannan masifu ba, rashin tantance kayan haɗi ne. Amma maganin da aka samo musu shi ne gwaji, kuma iyakar da aka sa wa wannan guba a sinadaran haɗa maganin ruwa ita ce kashi 0.10 cikin 100. Mai neman abu ƙanƙane haka dole ya fara da awon da ba a shakkar sa.

Haka abin yake a fannin abinci. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari na dichlorvos, wanda iyakarsa a can miligiram 0.01 ce a kowane kilo. Manomin wake da ɗan kasuwar da ke son kayansu su ƙetare teku suna buƙatar takardar ɗakin gwajin da masu saye za su yarda da ita. Masu tantance ɗakunan gwaji bisa ƙa'idar ISO 17025 suna bin sakamako ne tun daga tushe, kuma tushen yana kan sikeli.

Hukumar NAFDAC ta yi nisa a wannan tafiya. A watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta a mataki na uku na ƙwarewar hukumomin sa ido kan magunguna, a 2023 kuma ta amince da babban ɗakin gwajinta na Yaba a Legas. Amma ɗakunan hukuma, irin na Yaba da Kaduna da Agulu, ba za su iya gwada kowane rukunin magani da ke fita kasuwa ba. Mafi yawan gwajin ana yin sa ne a cikin kamfanoni da ɗakunan gwaji masu zaman kansu da jami'o'i. Can ne ya kamata ƙa'idar ta zauna da gindinta.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, kowane ɗakin gwaji ya manna kati a jikin kowane sikeli mai ɗauke da iyakar da aka gano, ranar da aka gano ta, da adadin da aka hana aunawa ƙasa da shi. Gwajin bai fi ɗora dutse sau 10 ba, bai cin rabin awa. A yankunan da hunturu ke tsanani, a yi shi a cikin hunturun, a kuma maimaita duk lokacin da aka matsar da sikeli ko aka gyara shi. Sikelin zamani da yawa suna da saitin da ke gargaɗi idan awo ya gaza iyaka, sai a kunna shi.

Na biyu, masu binciken hukuma su riƙa haɗa takardu biyu wuri ɗaya, katin sikeli da littafin awo. Idan kati ya ce miligiram 160, littafi kuma ya nuna an auna miligiram 12 a kan sikelin, magana ta ƙare, ba sai an jira dogon rahoto ba.

Na uku, kamfanonin da ke saita sikeli su riƙa rubuta iyakar ƙasa a takardar shaidarsu, hukumar SON da cibiyarta ta ilimin awo da ke Enugu kuma su ja gaba wajen mayar da hakan al'ada.

Na huɗu, masu sayo kayan aiki a ma'aikatu da jami'o'i su fara da tambayar mafi ƙanƙantar abin da za a auna kafin su tambayi farashi. Sau da yawa ana duba iya nauyin da sikeli zai ɗauka a sama, a manta da ƙasa, alhali a ƙasan aikin yake.

Na biyar, tsangayoyin harhaɗa magunguna da na kimiyyar sinadarai, daga Zariya zuwa Kano da Sakkwato da Maiduguri, su sa ɗalibi ya gano iyakar sikeli da hannunsa tun a shekarar farko ta shiga ɗakin gwaji. Wanda ya ga dutse ɗaya ya ba shi lambobi daban-daban sau 10 ba zai sake ɗaukar allo a matsayin alƙali ba.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kasuwar hatsi wannan magana tana aiki, domin mai saye na iya kallon kwano ya ce a ƙara. Matar da ungozoma ta miƙa wa ƙwayar misoprostol a asibitin karkara ba ta da wannan dama. Ba za ta iya ganin miligiram 0.2 ba, balle ta san ko ya cika. Ta dogara ne da wani mutum da ba ta taɓa gani ba, wanda ya tsaya gaban sikeli wata safiya da ɗan cokali a hannu. Mafi ƙarancin haƙƙinta a kansa shi ne ya san iyakar sikelinsa, kuma kada ya sauka ƙasa da ita.